Nonsitik, Dalma ko Sitenles: Wace Tukunya Za a Saka a Kayan Amarya?

Saura wata biyu bikin ƙanwata, Inna ta damƙa mini kuɗin kayan kicin ta ce, "Ke kika san kan kasuwa, ki je ki haɗo mata." Ranar Asabar muka shiga Kasuwar Sabon Gari ni da amaryar. Ba mu yi taku ashirin a layin masu tukwane ba ta ja ta tsaya gaban wani saiti ruwan toka mai ɗigo-ɗigon fari kamar jikin zabo, murafensa na gilashi. Mai shagon ya zaro kaskon ya shafa cikinsa da ɗan yatsa.

"Hajiya, wannan ko mai ba ki sa ba ƙwai ba zai kama ba. Shi amare ke yayi yanzu."

Ta dube ni ta ce, "Yaya, don Allah wannan." Na ce mu zaga tukuna.

Ina da dalilina. Ɗana na biyu yana fama da asma tun yana shekara uku. Duk hunturu, da hazo ya sauko gari, sai mu raba dare a zaune, ƙirjinsa yana fito kamar usur, ni ina riƙe da abin shaƙa ina ƙirga numfashinsa. Uwar da ta saba kwana haka takan koma mai bin diddigin duk abin da ya shigo gidanta, daga turaren wuta har sabulun wanki. A nan ne na ci karo da maganar sinadaran da ake kira PFAS, kuma tun daga lokacin ba na kallon kaskon nonsitik yadda nake kallonsa da.

PFAS ba sinadari ɗaya ba ne, dangi ne mai dubban 'ya'ya. Abin da ya haɗa su shi ne an ɗaure sinadarin fulorin a jikin kabon, ɗaurin da yake cikin mafiya ƙarfi da masana sinadarai suka sani. Shi ya sa ruwa ba ya jiƙa su, mai ba ya kama su, rana da ƙasa ba sa ruɓar da su. Babansu a kicin shi ne PTFE, wanda aka fi sani da Teflon. Wani ma'aikacin kamfanin DuPont a Amurka, Roy Plunkett, ya gano shi ba da niyya ba a 1938, a shekarun 1950 kuma aka fara shafa shi a kasko a Faransa. Sauran dangin suna cikin kumfar kashe gobara, da takardar naɗe abinci wadda mai ba ya ratsawa, da rigar ruwa, da kafet mara kama datti, da wasu kayan kwalliya da gumi ba ya gogewa. Biyu daga cikinsu, PFOA da PFOS, su aka fi nazari a kansu. Idan suka shiga jiki sai su maƙale a furotin ɗin jini, ƙoda ta tace su kuma ta sake tsotse su. Kafin rabin abin da ya shiga ya fita sai an yi shekaru, biyu zuwa biyar gwargwadon irinsa, wani ma ya fi haka. Suna ratsa mahaifa su kai ga ɗan tayi, suna bin ruwan nono.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da suke yi wa garkuwar jiki. A 2012 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Philippe Grandjean, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bibiyar yara kusan 600 a tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Denmak, inda mutane suke rayuwa da abincin teku. An yi wa yaran allurar mashaƙo da ta tetanos, ciwon nan na sarƙewar haƙora, sannan aka auna yawan sojojin kariyar da jininsu ya haɗa. Yaran da PFAS ɗin jininsu ya ninka na 'yan'uwansu, a shekara bakwai kariyarsu ta ragu da kusan rabi. Ni Bakanuwa ce, kalmar mashaƙo ba baƙuwa ba ce a kunnena. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 babu jihar da cutar ta ɗaiɗaita kamar Kano, kuma akasarin yaran da ta kama ba su cika allurarsu ba. Rashin cika allurar shi ne musabbabin abin da ya same mu, kada a ɗora wa tukunya. Amma ya sa na gane darajar abin da ake magana a kai: uwa ta goya jariri ta kai shi asibiti a sati shida, da sati goma, da sati sha huɗu, tana sa ran allurar ta kama da kyau, ashe akwai abin da zai iya rage mata ƙarfi a ɓoye.

Hukumomi sun ɗauki maganar da nauyi. A 2016 hukumar nazarin guba ta gwamnatin Amurka ta yanke cewa a ɗauki PFOA da PFOS a matsayin masu cutar da garkuwar ɗan Adam. A 2020 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar abin da jiki zai iya ɗauka na manyan 'ya'yan PFAS guda huɗu a haɗe: nanogiram 4.4 ga kowane kilo na nauyin mutum a mako. Nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Mace mai kilo 60 ke nan rabonta nanogiram 264 a mako, abin da ko ido ba zai gani ba. Kuma a kan raunin amsa allurar rigakafi a jikin yara suka gina wannan lissafi. Yarjejeniyar Stockholm, wadda Najeriya take cikinta, ta sa PFOS a jerin gubobi masu daɗewa a 2009, PFOA a 2019.

Batun asma da borin jini kuwa bai kai wannan tsayuwa ba. Shi borin jini garkuwa ce ta wuce gona da iri: jiki ya ga ƙura ko gashin kyanwa ko gyaɗa ya ɗauke su abokan gaba, ya haɗa wani nau'in sojoji da ake kira IgE, su kuma su zuga ƙwayoyin da ke fesa histamin, sai hanyar numfashi ta kumbura ta cika da majina, ko fata ta yi ruɗu-ruɗu. A gwajin da aka yi da ɓeraye a 2007, waɗanda aka shafa wa PFOA a fata sun haɗa IgE fiye da sauran, hanyar numfashinsu kuma ta fi saurin shaƙewa. A Taiwan, a 2013, an kwatanta yara sama da 200 masu asma da kusan adadinsu marasa ita, aka tarar masu asmar sun fi PFAS a jini, kuma a cikinsu yawan sinadarin yana tafiya da yawan IgE. Sai dai wasu binciken da suka bi yara tun daga ciki a ƙasashen Turai ba su ga wannan alaƙa ba. Ni abin da na ɗauka shi ne: raunana amsar allura ya tabbata gwargwado, rura wutar asma kuwa zargi ne mai ƙarfi. Uwar mai asma ba ta jiran a gama shari'a kafin ta yi taka-tsantsan.

To, mu koma layin masu tukwane.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa a kan nonsitik ita ce, shi kansa kaskon ba shi ne babbar ƙofar da PFAS ke shiga jiki ba. Abinci ne da ruwan sha, musamman kifi da ƙwai da nama daga wuraren da suka gurɓata. Shafen PTFE dunƙulallen abu ne mai manyan ƙwayoyi, idan ɓarɓashinsa ya faɗa abinci yakan wuce ta hanji ya fita. Ɓarnar da aka yi da PFOA a wajen ƙera shi aka yi ta. A garin Parkersburg na Amurka, inda masana'antar Teflon take, an auna jinin mutane kusan 69,000 da suka sha ruwan yankin, a 2012 kwamitin masana ya kammala cewa akwai alaƙa mai yiwuwa tsakanin PFOA da cututtuka shida, ciki har da kansar ƙoda, da ciwon maƙoƙo, da wani gyambon hanji wanda shi ma garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita. Manyan kamfanonin Amurka da Turai sun daina amfani da PFOA zuwa 2015, suka koma wasu 'yan'uwansa. Saboda haka idan kin ga an buga "PFOA free" a jikin kwali, ɗa ɗaya aka cire daga cikin dangi, sauran suna nan. Saitin nan mai ɗigon zabo da ake cewa na dutse ne, sau da yawa PTFE ne aka yi masa ado.

Matsalata da nonsitik ita ce ba don irin girkinmu aka yi shi ba. Shafen yakan fara lalacewa idan zafi ya wuce digiri 260 a ma'aunin Selsiyos, idan ya haura 350 kuma yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji kamar mura, wanda yake kashe tsuntsun da ke cikin ɗakin. Kasko wayam a kan gas mai ƙarfi mintuna kaɗan yake buƙata ya kai can. Kan garwashin kurfoti kuwa ba a magana. Yanzu a dubi yadda muke yi: a ɗora kasko ya bushe, a tafi yanka albasa, a dawo. Gas ya ƙare a tsakiyar girki, a kwashe a mayar kan gawayi. A juya da cokalin ƙarfe, a ba yarinya wanke-wanke ta dirje shi da soson waya. Ni da idona na ga nawa na aure. Cikin shekara biyu tsakiyarsa ta koma fari fat, gefe yana ɓarewa kamar fatar albasa, kullum ina tsince baƙin abu a cikin wainar ƙwai. Wata rana na bar shi a wuta na fita amsa sallama, na dawo na tarar kicin ya cika da wani wari mai kama maƙogwaro, yaron yana bakin ƙofa yana tari. Ranar na fitar da shi daga gidan. Kicin ɗin gidajen hayarmu ƙanana ne, taga ɗaya, wani ma babu, kuma huhun mai asma ba ya tambayar sunan hayaƙi kafin ya shaƙe.

Akwai wanda ake kira siramik, shafensa daga sinadarin yashi ake yin sa, babu PTFE a ciki. Ta fuskar PFAS ya fi kwanciyar hankali. Amma santsinsa ba ya daɗewa, shekara ɗaya ko biyu ya fara kamu, kuma a kasuwa da wuya ki bambance na gaske da wanda aka yi wa suna kawai.

Da na faɗa wa Gwaggo haka sai ta ce, "Ai dama na gaya muku, ku koma tukunyar dalma, da ita muka girme." A nan ne nake jin tsoron a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Tukunyar dalma tana da kirki ta fuskoki da dama: gindinta mai kauri ne, tana jure itace da gawayi, tana jure muciya, tuwon gidan biki ba ya yiwuwa sai da ita, ga araha, kuma sana'ar 'yan'uwanmu ce. Babu PFAS a jikinta ko kaɗan. Sai dai ana narka ta ne daga tarkacen alminiyam, kuma ingancinta ya dogara ga abin da aka jefa a wuta ranar. Idan gwangwanin lemo ne da tsofaffin tukwane, da sauƙi. Idan an haɗa da kayan injin mota da lagireto, to gubar dalma ta gaske tana iya shiga. A 2014 an gwada irin waɗannan tukwane a Kamaru aka tarar suna sakin dalma a cikin ruwa mai tsami, a 2017 kuma aka gwada guda 42 daga ƙasashe goma, da yawansu suka saki dalma da wasu ƙarafa masu guba. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba, mun ga yara sama da 400 da ta kashe a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Abin da tukunya ke saki bai kama ƙafar wancan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Idan aka ce in zaɓa tsakanin nonsitik mai kyau da ake lallaɓawa da tukunyar dalmar da ban san asalinta ba don dafa wa yaro miyar yakuwa kullum, wallahi nonsitik zan ɗauka. Tsami shi ke jawo ƙarfe daga jikin tukunya: yakuwa, tsamiya, zoɓo, tumatir. Kanwa ma tana cin alminiyam, shi ya sa cikin tukunyar wake yake yin baƙi. Wadda take da ita ta bar ta ga tuwo da dafa ruwa da girkin taro, kada miya ta kwana a ciki.

Tukunyar silba ta kamfani, mara nauyin nan, ƙarfenta ya fi tsabta. Ita ma tsami da kanwa suna cin ta, kuma tana saurin lotsewa.

Sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, ita ce zuciyata ta fi kwanciya da ita, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Ƙorafin mata ɗaya ne: tana kamu. Gaskiya ne, idan mai siririn gindi ce. Wadda ake so ita ce mai gindi kauri, wadda aka saka faifan alminiyam a tsakanin ƙarfe biyu don zafi ya bazu, abinci kuma bai taɓa alminiyam ɗin ba. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki ƙwanƙwasa gindin, idan ta yi ƙara kamar faranti ki ajiye. Babu shafen da zai ɓare, babu abin da zai yi hayaƙi idan an manta ta a wuta, iyakaci ta canza launi. Soson waya iyakaci ya ɗan karce ta. Miyar taushe, miyar kuka da kanwarta, zoɓo, kunun tsamiya, duk tana ɗauka. Kamun ma dabara ce: ki bari ta yi zafi, ki zuba mai, ki sa nama ko kifi ki ƙyale shi har ya saki da kansa, kada ki yi ta tsokanarsa. Shinkafa kuma a rage wuta. Aibinta biyu ne. Mai kyau tana da tsada, ko da yake tukunyar da za ta yi shekara ashirin ba a kwatanta kuɗinta da wadda za a canza sau biyar. Na biyu kuma ya shafi masu borin jini kai tsaye: akwai sinadarin nikel a cikinta, kuma sabuwa takan saki kaɗan idan an daɗe ana dafa abu mai tsami, sannan ya ragu da yawan amfani. Macen da kunnenta ke ruruwa idan ta sa ɗan kunnen da ba zinare ba, yawanci nikel ne jikinta ba ya so. Irin wannan, idan abin nata mai tsanani ne, ta yi shawara da likitan fata, ta fi karkata ga tukunyar ƙasa wajen miya mai tsami.

Wajen suya kuwa babu na biyun kaskon baƙin ƙarfe. Je ki ki tsaya wurin mai ƙosai ko mai awara da safe ki kalli kaskonta: baƙi wuluk, yana sheƙi, ƙosai na yawo a ciki ba ya kamawa. Ko tandar mai waina, wadda take juya masa da ɗan cokali ya fito sumul. Man da ya daɗe yana gasuwa a jikin ƙarfen shi ya zama shafe, nonsitik ɗin iyayenmu ke nan, kuma kullum ƙara kyau yake yi. Ɗan ƙarfen da yake saki a abinci irin wanda jini ke buƙata ne. Yana da nauyi, yana tsatsa idan aka bar shi da ruwa, sabo kuma sai an horar da shi: a wanke, a busar a wuta, a shafe da man gyaɗa, a gasa, a maimaita sau uku ko huɗu. Tumatir ba ya shiri da shi sosai, yana cinye shafen.

Tukunyar ƙasa ba ta da PFAS ba ta da nikel, miyar da aka yi a cikinta kuma wanda ya ci ya sani. Amaryar zamani ba za ta ɗora ta a gas kullum ba, amma a samu guda a gida. Samira mai fenti ma lafiya lau ce muddin ba ta ɓantare ba.

Wani abu da zan ƙara, tunda na ce ba tukunya ce babbar ƙofa ba. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya fitar da PFAS, matata mai gawayin tace ruwa ko injin tacewa mai matsa ruwa ta siririn fata su ke rage shi. A ƙasashen da aka auna, rijiyoyin da ke kusa da masana'antu da wuraren atisayen kashe gobara su suka fi gurɓata. Takardar naɗe abinci mai santsi wadda mai ba ya ratsawa, Denmak ta hana sa mata PFAS tun 2020, ni kuwa idan na sayo abu a irinta ina juye shi a faranti da zafinsa. Shayarwa ba a fasa ta saboda wannan, likitocin da suka san sinadarin yana bin nono su ne suke cewa amfanin nonon ya rinjaya nesa ba kusa ba. Allura kuma a cika ta, domin garkuwar da aka rage wa ƙarfi ta fi wadda ba a gina ba. Ga mai asma a Kano, hayaƙin itace da na janareta da maganin sauro na kunnawa da ƙurar hunturu sun fi kowace tukunya saurin tayar masa da ciwo.

Mun koma kasuwar sati na gaba. Na saya mata sitenles huɗu masu kaurin gindi, daga ta shayi zuwa ta shinkafar baƙi, da kaskon baƙin ƙarfe, da tanda. Gwaggo ta kawo tukunyar ƙasa daga wajenta. Amarya dai fuskarta ba walwala, tana ta waiwayen saitin zabo, don ta san ƙawaye za su shiga kicin ganin jere. Na ɗauki ƙaramin kaskon nonsitik guda ɗaya na kamfanin da aka sani, da cokalin katako, na miƙa mata.

"Wannan na ƙwai ne kawai. Wuta kaɗan, kada ki ɗora shi babu komai a ciki, kada ya ga gawayi. Ranar da kika ga ya fara ɓarewa ki jefar."

Ta juya shi a hannu ta ce, "To Yaya, na ji. Amma baƙin kaskon nan ke za ki zo ki horar mini da shi kafin a kai ni."

Yanzu haka yana kicin ɗina, na shafe shi da man gyaɗa karo na uku.